Da me ake auna titi, da kilomita ko da awa?

Duk lokacin da aka zo maganar hanya a ƙasar nan, lissafi biyu za ka ji a bakin hukuma: kilomita nawa aka shimfiɗa, biliyan nawa aka kashe. Mu ma matasa mun ɗauka. Leƙa Facebook ka ga musu tsakanin magoya bayan wannan gwamna da na wancan, kowa na jero kilomita, ga hoton kwalta baƙa wulik ranar bikin buɗewa. Ba mai komawa ya ɗauko hoton wurin bayan damina uku.

Shi kuwa direban da ke ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, awa yake ƙirgawa, da tayar da ya canja a wata, da sau nawa aka tsayar da shi kafin ya ga Kano. Kuma ma'auninsa ya fi kusa da wanda masana harkar hanya ke aiki da shi a duniya.

Gargadar nan da ke kaɗa maka hanji tana da lamba. A 1982 aka yi wani babban gwaji a Barazil, daga nan Bankin Duniya ya fitar da ma'aunin da ake kira IRI a 1986. Ana tara yawan hawa da saukar da sifirin mota ke yi a cikin kowace kilomita guda, a bayar da shi a mita. Sabuwar kwalta mai kyau takan tsaya wajen 2. In lambar ta haura 8, to an kai inda direba ke sauka gefe don gefen ya fi tsakiya daɗi. Amfanin lambar shi ne ba ta da jam'iyya. In aka auna Gumel zuwa Malam Madori bana, aka sake aunawa baɗi, za a ga ko hanyar na riƙe da kanta ko tana tafiya, tun ramuka ba su buɗe baki ba.

Sai dai wanda ya fi shafarmu a masarautar Gumel shi ne ma'auni na biyu, wanda Bankin Duniya ya ɓullo da shi a 2006, daga baya ya shiga cikin muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambaya ɗaya yake yi: a cikin mutanen karkara, kashi nawa ne ke zaune a tazarar da ba ta wuce kilomita 2 ba daga hanyar da mota ke bi rani da damina? Kilomita 2 tafiyar kamar minti 25 ce a ƙafa. Ƙiyasin da bankin ya yi wa Najeriya kashi 25.5 ne. Wato a cikin mutum huɗu na ƙauye, uku sun fi haka nisa da hanya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanyoyin ƙasar nan sun kai kusan kilomita 195,000, na tarayya wajen 35,000, amma kusan kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi ne, kuma yawancinsu ko burji ba su samu ba. Kana iya gyara Gumel zuwa Maigatari ta yi sumul, amma manomin riɗi da zoɓo da ke can cikin jigawa a Sule Tankarkar ko Gagarawa, sai ya ɗora buhunsa a amalanke ko babur kafin ya fito bakin titi. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina ruwa ya cinye kwalbati. Mai saye da ya shigo masa har gida kuwa, a cikin kuɗin buhun zai cire wahalarsa. Wannan ragin ba ya cikin kowane jawabin ranar buɗe titi. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a watan Agusta ma ba ta ciki.

Me ke cinye kwaltar da wuri? Mukan ce ɗan kwangila ya ci kuɗi, kuma wani lokacin haka ne. Amma akwai lodi. Wani gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in ka ninka nauyin da ke kan jerin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi ba sau biyu take ninkuwa ba, kusan sau 16 ne. Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ce a kan jeri ɗaya. To, yaushe rabonka da ganin an ɗora tirela a sikeli a hanyar nan? Layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa tun zamanin Turawa, amma yau kayan Maigatari a kan taya suke tafiya.

Ga kuma gyara, wanda ba ya kawo taro da kiɗa. Tun a 1988 Bankin Duniya ya yi lissafin cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali gyaran dala biliyan 12 zai iya hana hakan. An kafa FERMA a 2002, aka gyara dokarta a 2007 don a riƙa ware kashi 5 na kuɗin man fetur da gas domin gyaran hanya. Har yau tanadin yana kan takarda.

Kar mu manta, titi na iya yin santsi ya zama ba shi da amfani. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar a 2023, kwaltar na nan, amma tambayi 'yan dako a Maigatari.

Abin da ya sa na kawo maganar a wannan shafin shi ne, aunawar ba ta gagare mu ba. Wayar da ke hannunka tana da na'urar jin girgiza, ita ce ke juya maka hoto in ka kwantar da ita, kuma akwai manhajoji irin su RoadLab da Roadroid da ke mayar da girgizar ta zama ƙiyasin IRI. Ba ta kai na'urar injiniyoyi ba, dole a yi da mota iri ɗaya da gudu iri ɗaya, amma ta isa ta raba titi mai lafiya da mai ciwo. Ko babu manhaja, agogo da littafi sun isa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel goma, da haɗin kan shugabannin tasha, za su iya rubuta minti nawa ake ci daga ƙauyuka ashirin zuwa bakin titi, da kuɗin ɗauko buhu ɗaya, sau ɗaya a Maris, sau ɗaya a Agusta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya ka nemi takardar kwangila, ka ga kaurin kwaltar da aka biya da tsawon lokacin da gyara ke wuyan ɗan kwangila. Doka ta ba su kwana 7 su amsa.