Hayaƙi da Ƙura da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Malamai sun daɗe da lissafa abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Amma in aka ambaci abin da ke ɓata hankali, galibin mutane giya da sauran kayan maye kaɗai suke tunawa, alhali kuwa likitocin wannan zamani sun gano cewa iskar da muke shaƙa, in ta gurɓace, ita ma tana iya kai illa har cikin ƙwaƙwalwa.

Duk wanda ya zauna a Parakou, inda layin dogo daga Kwatano ya tuƙe, manyan motoci kuma suke dannawa da kaya zuwa Malanville, ko kuwa a Djougou, tsohon zangon fataken goro masu bin hanyar Gwanja, ya san yadda gari ke komawa in hunturu ya kama, sa'ad da iska take kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗa ta da hayaƙin dajin da ake ƙonawa, har rana ta dushe kafin la'asar. Saboda wannan haɗuwa ce masanan shirin binciken yanayi na AMMA suka kafa na'urorinsu kusa da Djougou, suka auna abin da ke cikin iskar a farkon shekarar 2006. Ban da wannan kuma akwai hayaƙin da ba ya jiran lokaci: na baburan 'yan zem, watau 'yan acaɓa, masu shan fetur ɗin kpayo da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, da na bola da leda, da na murhun itace wanda uwargida take durƙusawa tana hurawa, idonta na hawaye, goyonta kuwa yana shaƙar abin da take shaƙa.

Manyan ƙwayoyin ƙura, gashin hanci da majina suna tare yawancinsu. Abin tsoron shi ne ƙananan, waɗanda masana ke kira PM2.5, waɗanda kaurin silin gashin kai ya ninka nasu wajen sau talatin. Hanya biyu suke bi. Ta farko, su gangara can ƙuryar huhu su tayar da kumburi, sinadaran kumburin kuma su shiga jini su raunana shingen da Allah Ya sanya tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ta biyu kuwa, mafi ƙanƙantarsu, waɗanda galibi daga ƙuna suke fitowa, suna iya bin jijiyar sansanar wari daga saman hanci kai tsaye zuwa cikin kai.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta, maikurogiliya, waɗanda aikinsu ya yi kama da na dogarai: in baƙon abu ya shigo su far masa, in ƙura ta lafa su koma su zauna. To, idan baƙon bai daina zuwa ba, safe da yamma, shekara da shekaru, sai su kasa komawa, su yi ta zubar da sinadaran yaƙi har su riƙa lahanta jijiyoyin da aka ɗora musu amanar tsarewa; wannan shi ne kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ba ya zuwa da zafi ko zazzaɓi balle mai shi ya farga.

Hujjojin wannan magana ba kaɗan ba ne. A birnin Meziko, Dakta Lilian Calderón-Garcidueñas ta ga alamun kumburin a ƙwaƙwalen karnuka, daga baya kuma a na yara da matasa. A 2016 Farfesa Barbara Maher ta Jami'ar Lancaster ta Ingila, ita da abokan aikinta, suka sami ɓurɓushin ƙarfe irin wanda zafin inji ke haifarwa a ƙwaƙwalen mutum 37 na Meziko da Manchester. A 2020 kwamitin mujallar Lancet ya shigar da gurɓatar iska cikin sabuban da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa ta tsufa, a 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage haddin PM2.5 da ta yarda da shi na shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska. Ba a ce duk wanda ya shaƙi hayaƙi zai ruɗe ba; abin da aka tabbatar shi ne haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan shaƙa da daɗewarta, haka ma haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Hunturu dai ba mai ikon tsayar da shi sai Mahaliccinsa, iyakar dabara a rufe hanci da takunkumi mai kyau, a kuma killace yara da tsofaffi ranar da hazo ya yi yawa. Amma sauran sabuban a hannunmu suke, tawakkali kuwa bai taɓa hana riƙon sababi ba: a yi girki a sarari ko a buɗe wa madafa taga, a bar itace ya bushe kafin a sa shi a wuta, a sauke goyo nesa da murhu, mai hali ya koma gas, mai babur ya gyara injinsa, a daina ƙona taya da leda cikin unguwa. Limamai da masu unguwanni na zangunan Parakou da Djougou, da yake su ne jama'a ke saurare, ya wajaba su shigar da wannan cikin nasiharsu, gama wanda ya cinna wa bola wuta a ƙofar gidansa, maƙwabcinsa da almajiran makarantar allon da ke gefe ne suke shaƙar hayaƙin, haƙƙinsu kuwa yana wuyansa.