Ingilishin ɗanki yana cikin kayan da kike sayarwa

Duk mai kasa kaya a kasuwar Urno ya san rabin abin da ke kan teburinsa daga Najeriya ya fito: taliya, omo, biskit, maganin sauro. Rubutun da ke jikinsu kuwa duk Ingilishi ne. Mun sha ganin uwa ta sari katon ɗin madara, sai ta kai gida a ce mata kwanansa ya wuce, alhali kuwa ɗanta da ke kwaleji yana tsaye kusa da ita lokacin da ake ciniki. An rubuta ranar a jikin katon, yaron ne bai san inda zai duba ba.

A nan Nijar yaro ba ya fara Ingilishi sai ya shiga aji na farko na kwaleji, wato siziyam, bayan shekara 6 yana fama da Faransanci. Shekara 4 ke gare shi kafin jarrabawar BEPC. To, tun watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Masu kai albasa Gana kuwa ba su jira doka ba. Wanda ya sauke buhuna a Adjen Kotoku, inda aka mai da ƴan albasar Akara a 2021, ya san abin da ake ji in an miƙo takarda ka sa hannu ba ka san me ta ƙunsa ba.

Abin da yaranmu ba su lura da shi ba shi ne sun riga sun san kalmomi da yawa. Direba, bokiti, tebur, rasit, canji, kwastan, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su. Kwabo daga copper ya fito, sule daga shilling. Yaro ya rubuta waɗannan a kaye, ya tambayi malaminsa yadda masu harshen ke rubuta su, ya sami jari ke nan ba da ko dala ba.

Sai dai akwai tarko, kuma Faransanci ne ya ɗana shi. Kalmar sale a Faransanci ƙazanta ce, a Ingilishi sayarwa. Coin lungu ne a wancan, a wannan kuɗin ƙarfe. Pain burodi ne a bakin Bafaranshe, ciwo ne a bakin Ba'ingile. Yaron da ya dogara da ido kaɗai zai sha kunya a ɗakin jarrabawa.

Ku iyayenmu mata, ba sai kun yi lakwal ba. Kada a jefar da kwalin da aka kwashe kayansa. Yaro ya ciro kalma 5 daga jikinsa kowane maraice, ya faɗa muku ma'anarsu da Hausa, sa'annan ya sa kowace cikin jimla guda da ta shafi shagonku. Nan ne yawancinsu ke noƙewa, don hadda ba ta da wuyar rubutu, amma rubutun ake ba maki. In ya fara sabawa, a ba shi littafin bashi ya riƙa cikawa da Ingilishi: sunan kaya, adadi, wanda ya biya da wanda ya saura.

Ranar sari kuma a tafi da shi Madawa ko Ƙonni. Kafin kuɗi su fita daga lalita, ya nemo inda aka rubuta EXP ko Best before, da lambar NAFDAC, ya karanta ranar da ƙarfi a gaban mai kayan.