ALBISHIR DA GORONSA: YADDA AKE RABA FARIN CIKI A WUDIL

Masana sun daɗe suna gardama a kan farin ciki, ko koyonsa ake yi, ko kuwa da shi ake haihuwar mutum. Cikin 1872 wani Baturen Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi ya ce murmushi da dariya iri ɗaya ne ga dukan kabilun duniya. A 1967 kuma wani Ba'amurke, Paul Ekman, ya tafi tsaunukan Niyu Gini wurin mutanen Fore, waɗanda ba su saba da baƙi ba. Da aka nuna musu hotunan fuskoki, ba su sha wahala ba wajen fid da ta mai murna. Ashe fuska ba ta bukatar tafinta.

To, mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda Bahaushe ya yi da wannan baiwa. Bai yarda ta zauna a ciki ɗaya ba, sai da ya kafa mata ƙa'ida. Mai son ya gani da idonsa ya je Wudil ran Jumma'a, ranar da kasuwa ke ci, ya tsaya a kara. Da an sallama sa, sai ka ji kowa na cewa Allah ya sa albarka. Kafin kuɗi su shiga aljihu an fid da la'adar dillali, yaron da ya riƙe igiya ma ba ya tafiya hannu banza.

A cikin unguwa, kamar Sabon Gari, abin ya fi haka tsari. In aka yi haihuwa, guɗa ce ke fara shela. Sa'an nan a tashi yara gida gida. Yaro ya ce, "Baba, albishirinka." Dattijo ya ce, "Goro." Yaro ya ce, "Fari ko ja?" Sai an ce fari kana labari ya fito, watau mai jin labari shi ke biya. Daga nan har ran suna ana ta zuwa barka. Barka kuwa bashi ce. Wanda bai zo ba, an gan shi.

Yanzu fa? Tun da aka buɗe jami'a a Wudil cikin 2001, samun gurbin karatu ya shiga jerin manyan albishir, amma yawancinsa ta wayar hannu yake isowa. Ba mu ga laifin waya ba, gama ita ke sanar da ɗan'uwa da ke Ikko kafin rana ta faɗi. Sai dai tsohuwar da ke maƙwabtaka, wadda ta goyi yaron, ba ta da waya, har ya zama ita ce ta ƙarshen ji.

Malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ta hannunku irin wannan labari ya kan fara bi. In sakamakon jarrabawa ya fito da kyau, ku umurci yaro ya taka da ƙafarsa ya kai wa tsofaffin unguwarsu, ya karɓo goronsa.