Yadda ake shirya wa magani jirgi zuwa ƙwaƙwalwa

A shekarar 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini a jini. Da ya duba, sai ya tarar hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sun rine, ban da ƙwaƙwalwa da laka. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wannan karon ƙwaƙwalwa ce ta rine, sauran jiki bai canza ba. Ashe akwai shinge tsakaninta da jini.

Wannan shingen kowannenmu yana da shi. Ƙwayoyin halittar da suka yi wa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa bango sun manne da juna gam, kuma suna da wasu 'yan famfuna da ke tofo baƙon sinadari waje. Kariya ce daga guba, amma mai gadin bai san magani ba. An ƙiyasta cewa kusan kashi 98 cikin 100 na ƙananan magunguna ba sa iya ƙetarewa.

Abin haushin, ƙwayar cutar ƙanjamau ta san hanya. Tana ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini, su shigar da ita tun farkon kamuwa. Magani zai iya danne ta a jini, alhali tana laɓe a ƙwaƙwalwa, inda takan jawo wa wasu mantuwa da wuyar tattara hankali.

Shi ya sa masana ke ƙera wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi na kitse ko na ƙarfe, su cusa magani a ciki. Ana auna su da nanomita. Mu duba milimita ɗaya a kan rularmu, mu raba ta gida miliyan: kashi ɗaya shi ne nanomita. Yawancinsu ba su wuce nanomita 200 ba, kaurin silin gashi kuwa ya kai kusan 80,000. Ba baƙi ba ne ma, domin allurar korona ta Pfizer da Moderna cikin irin waɗannan ƙwayoyin kitsen aka naɗe ta.

Sai dai ƙanƙanta kaɗai ba ta buɗe ƙofa, dole a nemo mabuɗi. Wanda ya fi burge mu daga cutar haukan kare aka aro shi, ita da ta ƙware wajen manne wa jijiyoyi. A 2007 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ɗauki ɗan guntun furotin daga rigar ƙwayar cutar, wanda ba ya sa ciwo, suka haɗa shi da magani, suka yi wa ɓeraye allura a jini. Maganin ya isa ƙwaƙwalwa, ya ceci yawancin ɓerayen daga wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa da sauro ke yaɗawa a Asiya. A 2013 kuma wasu masana a Fulorida suka jawo ƙwayoyi masu ɗauke da maganin ƙanjamau da maganaɗisu, suka ƙetarar da su wani shinge da aka haɗa a ɗakin gwaji.

Kada mu yi gaggawar zuwa kemis, ɓera ba mutum ba ne. Hanta da saifa suna kama mafi yawan ƙwayoyin tun kafin su kai kai, kuma sai an tabbatar waɗanda suka shiga ba za su taru su yi wa ƙwaƙwalwar lahani ba.