Tamfol Da Igiya: Masu Tsaron Dukiya A Hanyar Jalingo

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta ratsa Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, zai ga manyan tireloli masu shimfiɗaɗɗen baya, waɗanda ba su da bango balle rufi, suna wucewa dare da rana. Waɗansu siminti suka ɗauko daga Gboko ta Jihar Binuwai, waɗansu takin zamani, waɗansu kuwa buhunan masara da shinkafa daga kasuwanni irin na Mutum Biyu, sun nufi Numan da Gombe har Kano. Abin da ya raba wannan dukiya da ruwan sama bai wuce tamfol da igiya ba, sai kuma hannun yaron motar da ya ɗaura su.

Tirela guda takan ɗauki buhun siminti 600, kowane mai kilo 50, watau tan 30 ke nan. A wannan yanki damina takan kama daga Afrilu har Oktoba. In ruwa ya sami kafa, siminti ya zama dutse, takin yuriya ya narke, masara kuwa ta yi fumfuna, wadda kan haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Daga nan sai rigima ta ɓarke tsakanin mai kaya da mai mota da direba, kowa na neman wanda zai ɗora wa asara.

Aikin rufin yana farawa tun daga lodi. 'Yan dako sukan jera buhuna a sarƙe, kamar yadda magini ke jera bulo, su ɗan tayar da tsakiya don kada ruwa ya sami wurin kwanciya. In tamfol biyu za a sa, na baya ake fara shimfiɗawa, sa'an nan na gaba ya hau kansa. Dalili kuwa shi ne iska daga gaba take bugowa. In aka juya tsarin, sai ta shiga bakin haɗin ta kumbura tamfol, ta yage shi tun ba a yi nisa ba. Bayan haka a naɗe kusurwoyi, a ja igiya daga gefe zuwa gefe, a tsuke.

Gwanayen direbobi ba su yarda da ɗaurin farko. Da an ɗan taɓa tafiya sukan tsaya, domin girgizar hanya tana sa buhuna su zauna, igiya ta saki, sai a sake ja. Haka kuma ba su yarda a lulluɓe hatsin da bai gama bushewa ba, domin zufar da zai yi a ƙarƙashin tamfol ba ta da bambanci da ruwan sama.

Lalacewar hanya tana ƙara wa aikin nauyi. A shekarar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, motoci suka koma zagaye ko zaman jira. Kayan da aka rufe da niyyar tafiyar yini guda suka riƙa kwana a ƙarƙashin hadari, inda ƙaramar ɓula ta isa ta jiƙa buhuna da dama.

Abin takaici shi ne wannan aiki ya faɗa kan wanda ya fi kowa ƙarancin rabo a motar. Yaron mota ke hawa ƙololuwar kaya, sau da yawa da silifas, babu tsani, yana kokawa da tamfol mai nauyi da santsi. Iska ɗaya ta isa ta jefo shi ƙasa. Tamfol da ya kwance a tsakiyar gudu kuma yana iya rufe fuskar motar da ke biye, ko ya kayar da mai babur.

Saboda haka ya kamata masu motoci su daina rowar sauya yagaggen tamfol da ruɓaɓɓiyar igiya, su kuma tanadi tsani. Ƙungiyarsu ta NARTO da ta direbobi, NURTW, suna iya koya wa yara ɗauri a tashoshi, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, su riƙa duba ɗaurin kaya yadda suke duba taya. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, kuɗin tamfol kuwa bai kai na buhunan da yake karewa ba, balle ran yaron da ke shimfiɗa shi.