Kitse Ma Ya San Damina da Rani

Yau hirar ta maiƙo ce, kowa ya matso da ƙwaryarsa. Daga Zermu zuwa Mirya, daga Magarya zuwa Tanut, abin da dabba ta ci da watan da ta ci shi duk kitsenta kan tona. Ciki dai ba ya riƙe sirri.

Man shanun da ake kawowa Kasuwar Dole ta Damagaram a watan Agusta ruwan ɗorawa ne, na watan Afrilu kuwa ya koɗe ya yi fari-fari. Launin daga wani sinadari yake mai suna karotin, wanda ke cike a ɗanyar ciyawa, rana kuma ta ƙone shi a busasshiya. Saniyar ɗaya ce, akushinta ne ya canja.

Abin bai tsaya ga launi ba. Kusan rabin ɗan maiƙon da ke cikin ɗanyen ganyen ciyawa irin omega-3 ne, mai ruwa-ruwa, shi ya sa man damina yake da laushi, na rani da aka samu daga kara da dusa kuma ya fi tauri. Maigidan da ke ƙorafin an canja masa hannu a miya, ya tuhumi makiyayi tukuna.

Sai dai a daidai lokacin da nonon ya fi albarka, garake da yawa sun yi arewacin Tanut don kada su shiga gonakin mutane. 'Yan Birni da Zango na jin labari, 'yan maruƙa na cin karensu babu babbaka.

Akuya kuwa ko ta cinye ganyen damina kaf, nononta fari ne fat, don jikinta yana juya karotin ɗin ya koma bitamin A tun kafin ya kai hantsa. Ta ci, ta goge baki, ba ta bar shaida ba.

Kada dai a zaci duk alherin ciyawar ne ke isa ƙwarya. A tumbin saniya akwai ƙananan halittu bila adadin da ke tare mafi yawan maiƙon mai ruwa-ruwa su mai da shi mai daskarewa, ɗan kaɗan ne kawai ke tsallakewa. Kamar duwan ɗin kan iyaka suke, kaya ba ya wucewa ba a sauke shi ba.

Kaza ba ta da wannan shinge, irin maiƙon da ta ci shi ke bayyana a ƙwanta cikin 'yan makonni. A cika mata garin kifi a abinci, sai ƙwan ya ƙaru da omega-3, ya kuma zo da ƙarni kyauta. Mai shayi sai ya sha tambaya.

Ƙwan zabi, wanda ke cika tashoshi da damina, gwaiduwarsa har ja-ja take yi saboda ganye da ƙwarin daji. Amma launi ba shi ne maiƙo ba, masu gidan gona sun san garin jan tattasai ma yana rina gwaiduwa. A yi hattara da yi wa rogo kallon kitse.

Wannan dabara tsohuwa ce: matan ƙauyukan Turai sukan zuba ruwan karas a man shanun hunturu don ya yi kama da na lokacin ɗanyar ciyawa. Algus ma yana da kakanni.

Gurya tana ƙara wa saniya nono, tana kuma ƙara wa manta tauri. Idan kaza ce ta ci ta da yawa, ƙwan da aka ajiye sai gwaiduwarsa ta yi duhu ta yi danƙo, farinsa kuma ya ɗan yi ja. Abincin wani gubar wani.

Farkon tatsa tsinkakke ne, maiƙon yana can ƙarshe, ko a hantsar nagge ko a ƙirjin uwa. Jaririn da ake cirewa da wuri ya sha ruwa ne ya bar romon. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tunda an zo kan mai jego: irin omega-3 ɗin da ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata ya fi yawa a nonon matan da ke cin kifi a kai a kai. Kunun kanwa na nan daram, amma angon ƙarni ya riƙa biyawa ta wajen mai banda. Da ma sunan ya dace.

Yanzu ga ragon layya. Babbar sallah kan ja baya da kwana 11 kowace shekara, ta zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka, don haka ragon da ya yi kiwon sake ba ya zuwa da kitse iri ɗaya kullum. Wata shekara a kwashe mai da ludayi, wata shekara a nemi na ƙuli a soya.

Ragon turke shi bai san wannan lissafi ba. Balamin da aka ɗaure a zaure ana ɗura masa dusa da harawa da ƙuli-ƙuli zai tara kitse ko da a watan Mayu ne, sai dai omega-3 ɗinsa bai kai na ɗan'uwansa da ya sha yawo a ɗanyar ciyawa ba. Na turke ya fi a ido da sikeli, mu dai na sake muka zaɓa, ko da maƙwabta za su yi dariya.

Wannan abin da ke liƙe wa mutum a dasashi bayan balangu ya huce ba laifin mahauci ba ne. Kitsen rago, musamman na gefen ƙoda, sai zafi ya haura digiri 40 yake narkewa, bakin ɗan Adam kuwa 37 ne. Shayi mai zafi ke raba wannan gardama.

Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba, yana iya haura kilo 30 a jikin ƙosasshe. Ayarin gishirin Bilma kan tashi bayan damina tozaye a tsaye, kafin a sauke kantu a ƙasar Damagaram wasu sun langaɓe gefe guda. Guzuri a gadon baya, ba a biyan dako.

Nonon taguwa kuma taurin kai gare shi: ƙwayoyin maiƙonsa ƙanana ne ƙwarai, sai a yi ta kaɗawa man ya ƙi haɗuwa. Ta gaji halin mijinta.

Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, ya zubo wa bisashe 'ya'ya a lokacin da babu ko tsinke a fili. Sarakunan Damagaram na dā sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi, kuma ɗan nonon da ake samu a bazara a Matamaye da Magarya yana da hannun gawo a ciki. Sarki ya san inda furarsa ke fitowa.

Mai kilishi yakan bi nama da wuƙa ya yaye kitsen tas, don kitse idan ya sha iska da rana maƙaƙi yake yi. Bayan nan sai ya tsoma shi a labu na tunkuza, wato ya kori man dabba ya kawo na gyaɗa. An sallami mai gida, an sauki baƙo.

Ita gyaɗar, wadda kusan rabin nauyin ƙwayarta mai ne, tana lura da yanayi. Wadda ta nuna cikin zafi manta ya fi jure ajiya, wadda sanyi ya riska tana ƙosawa manta ya fi saurin juyawa. Mai shuka a makare, ga wani dalilin.

Da hunturu manja kan yi barci a kwalba, man gyaɗa na gefe idonsa biyu, saboda kusan rabin manja maiƙo ne mai daskarewa. Man kaɗen Afirka ta Yamma sai an kankaro shi da cokali, na Yuganda kuwa laushi gare shi har ya kusa zuba, alhali bishiyar dangi ɗaya ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Mafi yawan omega-3 ɗin kifi daga gansakuka da ƙananan halittun ruwa yake samo shi. Tarwaɗar tafkin Gidimuni ta ci abin da ruwa ya ba ta, ta kwarmin siminti kuwa abincin buhu mai masara da waken soya ta ci, ta fi teɓa amma maiƙonta ya karkata wajen na hatsi. Teɓa ba ta nuna asali.

A Mali, wajen Mopti, akwai wani ɗan mitsitsin kifi da ke yin ƙiba a fadamun da Kwara ta malale. Da ruwa ya fara janyewa sai masunta su kwashe shi su dafa, su tsame mai na girki. Ƙarami da babban aiki.

Fara ta fi maiƙo bayan kaka, ta ƙoshi da ganye, matan kuma cikinsu cike da ƙwai, shi ya sa masu kamu ke sammako da sanyin asuba lokacin da ba ta iya tashi. Ta ci gonar manomi, manomi ya ci ta da yaji. An yi kunnen doki.

Shinge kuwa da ruwan farko yake fitowa, jikinsa cike da kitsen da ya tara don ya je ya kafa sabon gida. Yara su tare shi a gindin fitila da kwanon ruwa, uwa ta watsa shi a kasko ba ko ɗigon mai, ya soyu da nasa. Ango ya zo da kayan garar kansa.