Hana Yara Abinci: Tsakanin Camfi, Borin Jini da Kafofin Sadarwa

Hana yaro wani nau'in abinci ba baƙon abu ba ne a al'adar Bahaushe. Tun da can akwai camfin cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo. Wannan hani na tarbiyya ne, ya kuma sha bamban da borin jini, wanda ke aukuwa idan garkuwar jiki ta ɗauki abinci irin su gyaɗa ko madara a matsayin abokin gaba, har ta haddasa ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci ma da sarƙewar numfashi.

Kafofin sadarwa na zamani sun haifar da hani na uku. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada a ba yaran da ke da gadon borin jini gyaɗa sai sun cika shekara uku, sannan ta janye shawarar a 2008. Binciken LEAP, wanda aka gudanar a Ingila kan jarirai 640 aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba su gyaɗa da wuri na rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Sai dai abin da ya shiga intanet ba ya gogewa don an janye shi.

Saboda haka, uwar da ta daina ba ɗanta kunun gyaɗa a kan tsohuwar shawara ta raba shi da abinci mai gina jiki kuma mai araha. Hanin da ke da hujja shi ne wanda likita ya yanke bayan ya duba yaron.